Mauser, Lee-Enfield ko MAS 36: wace tsohuwar bindiga ta cancanci gyara don harbin allo?

Tsofaffin bindigogin soja masu sakata, wato ƙarfen da ake ja da hannu a tura harsashi a kulle shi, da har yanzu ake gani a hannun masu izini, daga Ngaundare zuwa Garwa har Njamena, galibi ba sa wuce gida uku: Mauser ta Jamus da danginta, Lee-Enfield ta Ingila, da MAS 36 ta Faransa. Dukkansu an ƙera su ne don su jure laka da ruwa da hannun kurtu, ba don su tara harbi biyar a wuri guda daga mita 100 ba. Ana iya kusantar da su ga hakan, amma kowace da hanyarta, kuma abin da ke gyara ɗaya shi ke ɓata ɗaya. Wanda zai tsaya a kan saitin ƙarfe, wato na jikin bindiga ba madubin hange ba, Lee-Enfield No. 4 ta fi masa. Wanda yake da ƙwararren mai gyara kuma ya shirya kashe kuɗi, Mauser ce tasa. MAS 36 kuwa, in ta zo tana buga inda ido ya kalla, a bar ta haka, don abin da za a iya yi mata kaɗan ne.

Takarda ce farko, tun kafin maganar kuɗi. A Kamaru dokar makamai mai lamba 2016/015 ta ranar 14 ga Disamba 2016 ta kasa makamai aji takwas, ta ware na yaƙi daban da na farauta, da na wasan harbi, da na tarihi. Hukuma ce ke faɗin ajin da bindiga ta faɗa, ba mai sayarwa ba, kuma tsufan bindiga shi kaɗai ba ya fitar da ita daga ajin makaman yaƙi. A Cadi ma sai da izini. Bindigar da aka tono, ko aka gada ba takarda, ko aka tsallako da ita daga wata ƙasa, ba abin gyara ba ce, abin miƙa wa jandarmomi ne. Da halin tsaron da ake ciki a jihar Arewa Mai Nisa da bakin tafkin Cadi, babu mai hankalin da zai yi wasa da wannan. Duk bayanin da ke tafe na mai cikakken izini ne, da ke harbi a filin da hukuma ta yarda da shi.

Abu na biyu shi ne a tabbatar da irin harsashin da bindigar ke ci, don sunanta ba ya isa shaida. Asali Mauser K98k tana cin 7.92×57, Lee-Enfield tana cin .303, MAS 36 tana cin 7.5×54. To amma Faransa ta daɗe tana ɗaukar harsashin soja a matsayin kayan yaƙi, har zuwa 2013, saboda haka bindigogi da yawa da suka bi ta kasuwar farar hula ta can an sake musu ɗakin harsashi. Akwai Mauser mai cin 8×60 S ko 8×64 S, akwai MAS 36 mai cin 7×54 Fournier ko .30-284, akwai Lee-Enfield mai cin .303 Sporting. A waje duk kamarsu ɗaya da na asali. A karanta hatimin da ke jikin bututu, in babu ko ya goge, mai gyara ya ɗauki hoton ɗakin da narkakken abin awo kafin a saka ko harsashi ɗaya. A gidan Jamus akwai wani tarko kuma: tsohon bututu, irin na bindigar Gewehr 88, an yi shi ne don kan harsashi mai kauri milimita 8.08, na baya kuwa mai harafin S yana cin 8.20. Saka mai kauri a siririn bututu na iya fasa ƙarfe a fuskar mai harbi. Haka 7.5×55 na Suwizalan ba na MAS 36 ba ne, kuma ba a gwada 7.62×51 a cikinta ko da sakata ta yarda ta rufe.

Af, mai sayar da K98k da ya ce maka tun yaƙin dutsen Mora take, labari kawai yake ba ka. Jamusawan Mora sun miƙa wuya a Fabrairun 1916, K98k kuwa sai 1935 ta shiga hannun soja.

Bututu kafin suna

Bindiga mai suna da ruɓaɓɓen bututu ba ta kai marar suna mai lafiyayyen bututu ba. A cire sakata, a wanke ciki sosai, a ɗaga wajen haske a leƙa daga baya. Tsagin da ke murɗawa a ciki ya kamata a ga kaifin gefensa tun daga maƙogwaro, wato inda kan harsashi ke fara kama ƙarfe, har zuwa baki. Duhu kaɗan da ƙananan ramukan tsatsa a tsakiya ba sa kashe bindiga, sai dai su sa ta riƙa tara datti da wuri. Wurare biyu ne ba sa yafiya: maƙogwaro da leɓe, wato gefen bakin bututu inda harsashi ke fita.

Lee-Enfield ta fi fama da ciwon maƙogwaro, saboda tsohon harsashinta na Mk VII yana ɗauke da albarushin kodait mai zafin gaske, wanda ke cinye farkon tsagi. Irin wannan bututun yakan yi harbi mai kyau da kan harsashi mai shimfiɗaɗɗen gindi na giram 11.3, ya watsar da mai tsukakken gindi, har a ga ramin da ya huda takarda a kwance maimakon zagaye. Leɓe kuma hannun masu wanki ne ke cinye shi. A da sojan Ingila yana jan igiya ta cikin bututu, in ya ja ta a karkace shekara da shekaru sai ta zaizaye gefe ɗaya. Na Jamus sarƙa yake ja. Gwajin da kowa zai iya shi ne a juya harsashi a sa kansa a bakin bututu: in ya tsaya da sauran milimita 4 zuwa 6 kafin kwanso, akwai rai. In ya nutse har wuyan kwanso ya taɓa ƙarfe, leɓe ya tafi. Ana gyara wannan da sake yanka leɓen a injin juyi, aiki ne mai sauƙi ga wanda ya iya, kuma sau da yawa shi kaɗai yana rage faɗin gungun harbi fiye da duk wani abin da za a yi daga baya.

Ratar da ke tsakanin fuskar sakata da gindin kwanso aikin ma'auni ne, ba na ido ba. Nan Lee-Enfield No. 4 ta fi sauran sauƙi, don kan sakatarta ana kwance shi a sauya, kuma yana zuwa da lamba 0, 1, 2, 3, kowane ya ɗara na baya tsawo. Ma'aunin sojan Ingila shi ne sakata ta rufe a kan milimita 1.63, ta ƙi rufewa a kan 1.88. A Mauser da MAS 36 in ratar ta yi yawa, sai an kwance bututu an mayar da shi baya an sake ɗakin, kuɗin kuwa yakan fi ƙarfin bindigar. Alamar ratar da ta wuce kima ana ganinta a kwanson da aka harba: wani farin zobe kusa da gindi, ko hula, wato ɗan maɓallin gindin kwanso da ke kunna albarushi, ta turo waje. Duk bindigar da ta taɓa shiga gobara, ko da an sake mata ƙota ta yi kyau, a bar ta. Wuta ta riga ta kashe taurin ƙarfen.

Katako, inda ake cin nasara ko a faɗi

A ƙasarmu katako ya fi ƙarfe ba da wahala. Daga Disamba zuwa Fabrairu iskar hunturu tana tsotse ruwan da ke cikin ƙota har ta tsuke, Maris da Afrilu zafin Garwa da Marwa da Njamena ya haura digiri 40, sannan damina ta zo katakon ya sha laima ya kumbura. Bindigar da aka daidaita a watan Agusta za a iske sukurorinta sun saki a watan Janairu, harbi ya koma wani wuri daban. Yadda kowace bindiga ke zaune a cikin katakonta shi ne babban abin da ya raba ukun.

Mauser ƙotarta guda ce daga kafaɗa har baki. A ƙarƙashin gaban gidan sakata akwai wani dunƙulen ƙarfe da ke karɓar naushin harbi, yana jingine da ƙarfen da aka gitta a cikin katako, kuma sukurun gaba a cikinsa yake shiga. Wannan tsarin ne ya sa ta fi karɓar gyara. A fara da abin da ba ya cin kuɗi: a ɗaure sukurun gaba tukuna sannan na baya, da ƙarfi kamar Nm 4 (Nm awon ƙarfin ɗaure sukuru ne) in katako ne zalla. A duba cewa akwatin harsashi bai haɗu da gidan sakata ƙarfe da ƙarfe ba. In katako ya tsuke har sun haɗu, sukuru zai yi tauri a hannu alhali ƙota tana rawa a tsakani, kuma wannan ne ciwon da ya fi yawa a tsofaffin Mauser da suka sha rani. Ana gane shi da sa yatsa a mahaɗar bututu da katako yayin da ake sassauta sukurun gaba: in an ji ƙarfe ya motsa sosai, zaman bai yi ba.

Maganinsa shi ne a yi wa ƙarfen sabon mazauni da gam mai haɗi biyu. A kankare katako milimita 1 zuwa 2 a bayan dunƙulen naushi, da ƙarƙashin gaban gidan sakata, da santimita 3 na farkon bututu, da ƙarƙashin wutsiyar baya. In katakon ya jiƙe da mai, a jiƙa shi da asetan a shanya, a maimaita har ya daina tsatso, in ba haka ba gam ba zai kama ba. A shafe duk ƙarfe da sukurori da man takalmi marar launi sau biyu, a toshe kowane rami da kaki, a manna tef a gaba da gefuna da ƙasan dunƙulen don bayansa kaɗai ya taɓa. Gam mai jinkirin bushewa ake so, ba mai minti biyar ba, a kaurara shi da garin ƙarfe har ya daina zuba. A zafinmu gam yana kamawa da wuri fiye da abin da aka rubuta a kwali, don haka da sassafe ake dama shi. A zaunar da ƙarfe a hankali, a riƙe shi da robar tayar keke maimakon ɗaure sukuru tamau, a bar shi awa 24. Kuskuren da ya fi tsada shi ne a manta rami ɗaya ba a toshe ba, gam ya shiga, bindiga da ƙota su zama abu guda. Na biyu shi ne a cike bayan wutsiya: dole a bar rata kamar rabin milimita a wurin, in ba haka ba kowane harbi wutsiyar za ta riƙa dukan katako har ta tsaga wuyan ƙota. Wanda ya ƙara da ginshiƙan ƙarfe a ramukan sukuru ya huta da sakin rani, kuma zai iya ɗaurewa har Nm 5 zuwa 6. Ramin ginshiƙin ya fi sukuru faɗi kaɗan, don kada sukuru ya zama shi ke ɗaukar naushi. A kula kuma: zaren sukurun Mauser ba M6 ba ne, ko da ya yi kama. Na kasuwa zai shiga zagaye biyu ya cije, wanda ya matsa masa ya lalata zaren gidan sakata.

Bututun K98k hawa-hawa ne, kauri yana raguwa mataki bayan mataki. In gaban wani mataki ya tokare da katako, da zarar ƙarfe ya yi zafi ya miƙe sai harbi ya fara hawa sama ɗaya bayan ɗaya. A rage katakon a gaban kowane mataki, a tabbatar zobban da ke riƙe da murfin sama suna shiga da turin hannu, ba da guduma ba. Ƙotar da aka yi da falle-fallen katako manne, wadda Jamus ta fara amfani da ita a ƙarshen shekarun 1930, ta fi ta gungume guda jure sauyin yanayi, ko da ta ɗan fi nauyi.

Lee-Enfield labarinta daban ne, kuma a nan ne masu ilimin Mauser ke yin ɓarna. Ƙotarta biyu ce: ta baya tana ɗaure da dogon sukuru a cikin kwaryar ƙarfe, ta gaba kuma sukuru ɗaya tak ke riƙe da ita, wanda ke gaban akwatin harsashi. Naushi yana sauka ne a kan wasu ƙananan kafaɗu biyu na katako a can ƙarshen ƙotar gaba ta ciki. Faɗin kowace bai wuce farcen babban yatsa ba, amma daidaiton bindigar gaba ɗaya a kansu yake. In sun sha mai sun yi laushi, ko ɗaya ta fi ɗaya taɓawa, harbi zai watsu hagu da dama. Ana duba su da shafa baƙin hayaƙin fitila a ƙarfen, a mayar, a sake cirewa: dole baƙin ya fito daidai a kafaɗun biyu. Gyaran gaskiya shi ne a yanke ruɓaɓɓen wurin a dasa busasshen katako mai tauri, a riƙa kankara kaɗan-kaɗan har ƙotar ta shiga da matsi.

Yadda ake cire ƙotar ma yana kashe ta. Ba a kama ta daga baki a ɓamɓaro ƙasa, wannan yana murƙushe kafaɗun nan take. Daga baya ake bubbuga ta da guntun katako, hagu da dama, ta sauko a miƙe. A tsohuwar Lee-Enfield samfurin SMLE No. 1 Mk III kuwa ba a taɓa juya sukurun ƙotar baya sai an cire ta gaba, don kan sukurun mai kusurwa huɗu ne kuma yana zaune a cikin wani ƙarfe da ke jikin ƙotar gaba. Wanda ya juya shi ya tsaga ta.

A No. 4 bututu ba ya taɓa katako a tsakiya, amma a baki katakon yana tura shi sama da nauyin kilo ɗaya da rabi zuwa 3. Ana auna wannan da ma'aunin rataya irin na mahauta: a ja bututun sama har takarda ta iya wucewa ƙarƙashinsa, a karanta. In an sake shi dole ya koma tsakiya da kansa. Mutane da yawa suna jin an ce bututu mai 'yanci ya fi, sai su kankare bakin, harbi ya ƙara lalacewa, don an tsara bututun ne da wannan turin. Sukurun gaba yana da ɗan zoben ƙarfe a cikin raminsa. In rani ya tsuke katako, sukurun zai ƙare a kan zoben kafin ya matse ƙota, sai a rage tsawon zoben da ɗan kaɗan. Gaskiyar magana, Lee-Enfield ta fi sauran biyun jin hunturu, kuma mai ita sai ya riƙa duba ta a farkon rani da farkon damina. Wannan ne kuɗin da ake biya don saitinta mai kyau.

MAS 36 ita ma ƙota biyu ce, amma gidan sakatarta babban dunƙulen ƙarfe ne da katako bai kewaye ba, saboda haka yanayi bai cika damunta ba. Abin da kan faru shi ne ƙotar gaba ta tsuke ta fara ƙwaƙwas, a saka mata siririn falle a mahaɗa ta daina. Sukurorinta masu kai na musamman ne, an yi su da gangan don kada soja ya kwance, sai an ƙera musu mabuɗi. Wanda ya sa musu kurfi da guduma ya bar tabon da ba ya gogewa.

Duk ukun, man da ya dace da katakonsu shi ne man lin na masu fenti, ɗigo kaɗan a murza da tafin hannu, a goge saura bayan rabin awa. Baƙin man mota da man gyaɗa suna ruɓar da katako. A jingine bindiga baki ƙasa in an gama shafa wa ƙarfe mai, don kada ya gangara cikin ƙota.

Saiti

A nan No. 4 ta yi wa sauran nisa. Saitinta na baya huda ce kusa da ido, kuma tazararsa da tsinken gaba ta kai kusan santimita 73. Na K98k tsaga ce a tsakiyar bututu, tazara santimita 50. Lissafin a fili yake: kuskuren ido na milimita 0.2 yana zama santimita 4 a mita 100 da Mauser, ya zama ƙasa da 3 da Lee-Enfield. Ga kuma wanda ya haura shekara arba'in, haɗa tsaga da tsinke da allo a ido ɗaya wahala ce, huda kuwa tana rage masa aiki. A nemi No. 4 mai saitin Mk I, wanda ake murɗawa da ɗan sukuru daga yadi 200 zuwa 1300, ya fi mai juyi biyu na lokacin yaƙi. Tsinken gabanta yana zuwa da tsawo iri-iri, bambancin kowane milimita 0.38, wato kamar santimita 5 a mita 100, kuma ana gusar da shi gefe. Wanda ya sami Parker-Hale 5C, saitin da masu gasa a Bisley ta Ingila suka daɗe suna amfani da shi, ya sami murɗin sama da na gefe ba tare da huda ƙarfe ba.

Ƙa'idar gyaran tsinke ɗaya ce ga kowace bindiga: a ninka kuskuren da aka gani a allo da tazarar saiti, a raba da nisa. K98k da ke buga santimita 20 sama a mita 100 tana buƙatar tsinken da ya fi nata tsawo da milimita 1. Tsinken gaba ana gusar da shi ne zuwa ɓangaren da harbi ya kauce, saitin baya kuwa zuwa inda ake so harbi ya koma. Doguwar Gewehr 98 mai tsohon saitin Lange daga mita 400 take farawa, don haka a mita 100 sama take bugawa sosai, ba lalacewa ta yi ba.

MAS 36 tana da huda, abin yabo ne, har zuwa mita 1200. Matsalar ita ce babu murɗin gefe. A da, a rundunar Faransa, mai kula da makamai ne ke sauya fallen hudar da wani wanda aka huda a ɗan karkace, kowane da alamarsa. Wanda ba shi da waɗannan fallayen, kuma samunsu a nan ba sauƙi, sai dai ya koyi kauce wa tsakiya da ido, abin da ba ya kai mutum ko'ina a gasa.

In maganar madubin hange ce, sai lissafi ya juye. Mauser ce ta fi dacewa, don haƙoran sakatarta biyu a gaba suke kulle, kusa da gindin harsashi, gidan kuma mai ƙarfi ne, ga kayan ɗaurawa iri-iri a kasuwar duniya. Amma aikin ya haɗa da huda ramuka huɗu, da sake lanƙwasa hannun sakata, da sauya makullin hana harbi na baya da gajere, kuma babu komawa. Bindigar da duk lambobinta suka dace da juna ba a yi mata haka, darajarta ta tarihi ta fi abin da za a samu. A nemi wadda aka riga aka mayar ta farauta. No. 4 tana da maɗaurin da ke amfani da ramukan da ke jikinta, ba huda, sai dai yakan ɗaga madubin sama, dole a ƙara matashin kunci.

Kunama ba ta buƙatar dogon bayani. Duk ukun mataki biyu suke ja, da nauyin kilo 2 zuwa 3. A wanke busasshen mai da ƙura, a sa ɗigon mai, shi ke nan rabin nauyin da ake kuka da shi ya tafi. Ba a sa zarto a haƙorin da ke riƙe allurar da ke dukan gindin harsashi: taurinsa a fata yake kawai, in an cinye fatar zai ci gaba da zaizayewa har wata rana bindiga ta tashi da rufe sakata. Mauser tana da kunamar sauyi irin ta kamfanin Timney da ake daidaitawa. A No. 4 Mk 1 kunamar tana rataye a jikin ƙarfen ƙasa, saboda haka in katako ya motsa jan ma yana sauyawa. Mk 2 ta 1949 ta mayar da ita jikin gidan sakata, shi ya sa ta fi dacewa da yanayinmu. MAS 36 ba ta da makulli ko kaɗan, ba a saka mata harsashi a ɗaki sai an kwanta an fuskanci allo.

Harsashi da wanki

Bindigar da ba a samun harsashinta ta hanyar halal ado ce. Kamfanin Prvi Partizan na Sabiya yana yin duk ukun sababbi, amma 8×57 IS, wato 7.92×57 na Mauser, da .303 sun fi yawan masu yi, 7.5×54 kuwa masu yinsa kaɗan ne. A tambayi dillali mai lasisi abin da yake iya kawowa kafin a zaɓi bindiga, ba bayan an saya ba. Wajen naushi, kan harsashin Mauser na giram 12.8 mai gudun mita 760 a daƙiƙa ya fi dukan kafaɗa, kuma bayan harbi ashirin a kwance mutum yakan fara ƙifta ido kafin kunama ta saki. Na MAS mai giram 9 ya fi sauƙi, sai dai gajartar ƙotarta tana cutar dogon mutum.

Tsohon harsashin soja da ya shekara hamsin yana shan zafin ɗaki ba abin auna bindiga ba ne. Wani ya yi jinkirin tashi, wani ya ƙi. In an ja kunama ba a ji komai ba, a bar baki yana kallon allo minti ɗaya cur kafin a taɓa sakata. Yawancinsa kuma hularsa tana barin gishiri a bututu, mai kuwa ba ya narkar da gishiri. Ruwan zafi ake zubawa daga baya, kamar lita ɗaya, a ranar da aka yi harbi, a busar, sannan a sa mai. A rani mutum zai iya sakaci ya tsira, a watan Agusta kwana ɗaya ya isa bututu ya yi ja. Sandar wanki daga baya take shiga, kuma a hunturu a rage mai a jikin sakata, don mai da ƙura in sun haɗu suna cin ƙarfe. Wajen loda .303, bakin gindin kowane kwanso ya zauna a gaban na ƙasa da shi, in ba haka ba sakata za ta cije.

Gwaji ana yinsa ne da sassafe, kafin ƙarfe tara, tun kawalwalniya ba ta fara rawa da allo ba. A ɗora ƙotar gaba a kan buhun yashi, ba bututu ba, a wuri ɗaya kowane harbi. Harsashi ya zauna a inuwa, don wanda rana ta gasa yana tashi da ƙarin ƙarfi ya buga sama. Harbi biyar sau uku, minti ɗaya tsakanin kowane harbi, a auna ramuka biyu mafi nisa a kowane gungu a rubuta. Abu ɗaya ake sauyawa kafin gwaji na gaba: sukuru, sannan leɓe, sannan mazauni, sannan irin harsashi. Gungu mai tsawo sama da ƙasa yana nuna bututu na tokare ko sukuru ya saki, mai faɗi hagu da dama yana nuna mazauni ko jan kunama, wanda ya watsu ko'ina kuma bututu ne ko harsashi. Lafiyayyiyar bindiga cikin ukun nan, da sabon harsashi da saitin ƙarfe, in ta tara santimita 6 zuwa 9 a mita 100 ta yi abin da ake nema. Bayan allo dole a sami tudun ƙasa mai tsawo wanda ba duwatsu a cikinsa, don waɗannan harsasai suna wuce kilomita 3, kuma dajin da ake gani kamar ba kowa akwai makiyaya a ciki. Wanda gungunsa ya ƙi sauka ƙasa da santimita 15 da kowace bindiga, ya ajiye gam da zarto tukuna, ya koma kan ƙaramar .22 a mita 50 ko ta iska mai milimita 4.5 a mita 10, har hannu da numfashi su zauna.